Ɓargon da Yaya Ta Ƙi Karɓa

Jinin da ke yawo a jikina ba nawa ba ne, na yayata ne. Duk shekara idan na je Jidda a duba ni, takardar gwaji takan fito da layi guda da ke cewa ƙwayoyin jinin wannan bawan Allah na mace ne. Ni kuma in ninke ta in sa a aljihu, in komo Makka in ci gaba da koyar da nahawu, da gemuna da komai. Katin asibitina na ƙuruciya ma wani rukunin jinin daban ne a rubuce. Ban jefar da shi ba. Nakan dube shi kamar hoton wani ɗan ajinmu da suka daɗe da ƙaura.

Ina da shekara ashirin da shida, ban jima da fara aiki a wata makarantar maza a unguwar Aziziyya ba, ɓargona ya daina yin jini. Bai yi sallama ba. Na fara hutawa a tsakiyar matakala, daga baya na koma rubutu a allo daga zaune, abin da malamin kirki ba ya yi. Likitoci suka ce sai dashe, wato a kashe ɓargon da ya gaza da magani, a zuba na wani ta jijiya, shi kuma ya nemi hanyarsa zuwa cikin ƙashi ya zauna. Aka gwada 'yan'uwana huɗu, Yaya kaɗai ta dace da ni. Ita ce babbarmu, tela ce, ni ne auta.

Abin da na riƙe daga waɗancan makonni kaɗan ne, kuma ba zan rantse cewa duka ya faru ba. Ɗaki ne da ba a shiga sai da takunkumi, da tagar da ba a buɗewa, can nesa kuma wani farin layi da aka ce mini teku ne. Na tuna ledar da aka rataye a saman kaina, ja mai kauri kamar zoɓon da ba a ƙara masa ruwa ba. Na tuna zazzaɓi ya sa ina jin ƙarar keken ɗinki a cikin ƙasusuwana, ya tafi ya tsaya, ya tafi ya tsaya, kamar ana yi mini kalmasa daga ciki. Da na warke na ba Yaya labarin, ta ce ba mamaki, tun da aka zuba mini nata ne na fara hankali.

Shekara goma sha bakwai muka yi a haka. Na yi aure, aka haifa mini yara, furfura ta fara leƙowa ta gefen kunne. Gidanmu na unguwar Ka'akiyya hawa uku ne: Inna a ƙasa, Yaya da iyalinta a tsakiya, ni a sama. Don haka ni ne na fara ganin Yaya tsaye a tsakiyar matakala, hannu ɗaya a bango, tana duban silin kamar an rubuta wani abu a wurin. Na san wannan tsayuwar. Ta ce tabon da ke damtsenta teburin yanka ne ya buge ta. Ta ce jinin da ke jikin asuwakinta laifin asuwakin ne.

Ɓargonta ne ya gaza, kamar yadda nawa ya taɓa yi. Aka gwada magani wata da watanni bai karɓe ta ba, aka koma yi mata ƙarin jini lokaci zuwa lokaci. Wata safiya likitarta ta ce mu zo tare. Mace ce 'yar ƙarama, mai magana a hankali kamar tana gudun ta tashi wani daga barci. Fayil biyu ne a gabanta, na Yaya sabo, nawa har ya yi launin shayi.

Ta ce, "A ƙa'ida, wanda aka taɓa yi wa dashe ba a ɗaukar ɓargonsa a ba wani. Jikinsa ya sha magani mai ƙarfi, kuma abin da ke ƙashinsa ba nasa ba ne tun asali. Amma ku naku daban ne." Ta juya wajen Yaya. "Ɓargon da ke jikin ƙaninki naki ne, na lokacin da kike da lafiya, kafin ciwon nan ya san ƙofar gidanki. Idan muka ɗebo kaɗan muka mayar miki, jikinki ba zai ɗauke shi baƙo ba, shi ma ba zai yaƙe ki ba. Ba kasafai ake samun haka ba. Da sauran gwaje-gwaje, kuma ban yi alkawari ba, amma wannan ce ƙofa mafi faɗi da nake gani."

Ni a raina har na fara tsara yadda zan ba da labarin a ɗakin malamai. Yaya ta gyara niƙabinta.

"Daktora, wato abin da na ba shi ne za a karɓo a mayar mini?"

"Kusan haka ne."

"To, Allah Ya saka da alheri. Ba na so."

Ta ɗauki jakarta ta miƙe. Daga Jidda har muka shigo Makka duwatsu kawai take kallo.

Kowane ɗan makaranta ya san hadisin da ya yi wa mai komawa kan kyautarsa mummunan misali. Ni ma na sha kawo shi a aji. Na ɗauka nan matsalar ta tsaya, kuma abin da ya fito daga littafi, littafi zai warware shi cikin kwana biyu. Na sauko da manyan mujalladai daga kanta, na cika su da 'yan takardu masu launi. Matata ta ce tun da ta aure ni ba ta taɓa ganina cikin nishaɗi irin na makon nan ba, ta kuma ce abin bai yi mata kyau ba.

Wata Alhamis bayan la'asar, cikin watannin sanyi, Yaya ta ce in kai ta Muzdalifa. Wanda bai taɓa ganin wurin ba sai da aikin Hajji, bai san shi ba. Filin da ke ɗaukar duniya dare guda a shekara, sauran kwanakin ba kowa. Dogayen fitilu a tsaye ba aikin yi, famfuna a jere a bushe, kwalta mai faɗi da aka zana wa layuka don motocin da ba su nan. Iska na tura wata farar leda a hankali, ta tsaya, ta sake tafiya, kamar mahajjaciyar da ayarinta ya bari tun bara. Babanmu direban bas ɗin alhazai ne, shekara talatin yana wannan aiki. Muna yara yakan kawo mu nan idan gari ya watse, ya nuna mana inda yake tsayawa, mu yi ta gudu a wurin da ya ce ranar aiki ko allura ba ta samun wurin faɗuwa.

Na buɗe mata kujerar ninkewa, na zuba mana shayi da na'ana'a. Na juya zan ɗauko jakata.

"Ustaz, bar littattafan nan a mota. Ba jarrabawa na kira ka ba."

Ustaz take ce mini idan tana so in san matsayina. Na zauna a kan dutse.

Ta ce, "Ranar da za mu tafi a ɗebi ɓargon nan, na shiga Harami da hantsi. Lokacin Baba bai cika shekara da rasuwa ba. Na tsaya ina kallon Ɗakin Ka'aba, na ce ya Rabbi, abin da za a cire daga ƙashina sadaka ce, ladan kuma na Baba ne. Ban gaya wa kowa ba, ko baban yara." Ta kurɓi shayi. "Tun daga ranar, duk sanda na gan ka kana hawa bene da gudu, ko kana cika mutane da surutu, sai in ce a raina, ga shi can yana zuba. Kamar famfo ne a kan kabarinsa. Jikinka na yin jini, shi yana samun sanyi. Yanzu kana so in je da hannuna in murɗa in rufe."

Na ce, "Yaya, ba kwashewa za a yi ba. Kaɗan za a ɗiba, cikin makonni ya mayar da kansa. Famfon na nan."

"Wanda ya ba da riga sadaka, ya dawo da almakashi ya yanke hannu ɗaya, me za ka kira shi?"

"Ai wanda kika ba ni ya daɗe da ƙarewa. Waɗannan jikokin jikokinsa ne. A gidana aka haife su, abincina suka ci suka girma."

"To me ya sa takardarka take cewa mace?"

Na dubi tsaunuka, rana ta fara mayar da su launin shayi da madara, inuwar fitilu ta yi tsawo har tana taɓa juna. Can na ce, "Littafi ya bar ƙofa ɗaya dai. Sadaka tana komawa ga mai ita ta hanyar gado. Sai in mutu ki gaje ni. Ko nan ma 'ya'yana maza sun tare ki."

"Allah Ya shirye ka. Kai ko mutuwa sai ka yi mata sharhi."

Ta yi dariya, dariyar ta cinye mata numfashi. Ta ɗaga niƙabin don ta sha iska, tunda ba kowa, na ga leɓɓanta sun yi fari kamar takarda. Muka zauna har aka kusa kiran magariba.

Na kai maganar wurin wani dattijon malami da take girmamawa, wanda matan unguwarmu ke sauraron karatunsa ta bayan labule. Ya ce ceton rai ne, kuma ladan da aka riga aka rubuta ba a goge shi. Na ɗauki muryarsa a waya na kawo mata. Ta saurara sau biyu, da ladabi.

Ta ce, "Ya yi gaskiya. Ni ban ce haramun ba ne. Shi dai Malam bai san Baba ba. Baba ko lemo ya miƙo maka ka ce ka ƙoshi, a kan tebur zai bar shi ya ruɓe, ba ya mayar da shi aljihu. Da wane ido zan dube shi?"

Ƙarin jinin ya fara matsowa kusa da juna. Jinin baƙi tana karɓa ba musu, har tana yi wa masu shi addu'a, tunda ba ita ta ba su ba. Likita ta kira ni gefe ta ce kowace leda tana ƙara wahalar da dashen, kuma a yadda Yaya take, zazzaɓi ɗaya mai ƙarfi ya isa. Ta tambaye ni ko akwai wanda Yaya ke jin maganarsa. Na ce akwai, amma ya rasu.

Inna ba mu gaya mata komai ba. Ta haura tamanin, tana ƙarama aka taho da ita daga ƙasar Kano ta hanyar Sudan, wani wuri a ƙafa, wani wuri a bayan mota, har bakin teku. A shekarun nan hankalinta ya zama kamar labulen ƙofa, iska ta shigo da shi, ta fitar da shi. Wata rana ta san mu duka har da jikoki, wata rana ta tambaye ni ko jirgin ruwan ya iso. Bayan azahar takan zauna a tabarma da faranti tana tsince wake, waken da an riga an tsince shi a kamfani. Kuma har yau ba ta kama sunan Yaya, don 'yar fari ce. Ke, ko yarinyar nan, shi ke nan. Ban taɓa ganin ta riƙe mata hannu ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci muna zaune a ɗakin Inna, gardamar ta sake tashi tsakanina da Yaya. Muka juya harshe zuwa Larabci, kamar yadda muke yi tun muna yara idan muna son ɓoye mata magana. Wautar da muka girma da ita ke nan. Inna da Hausa take yi mana magana, sai muka ɗauka nan iyakarta, muka manta ta riga mu shiga Larabci da shekara talatin, kuma da shi ta yi ciniki a kasuwa ta ciyar da mu. Muka yi ta yi, ni da dalilaina, Yaya da a'arta, Inna tana tsintar wakenta.

Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ke, wa ya ba ki ɓargon?"

Yaya ta ce, "Allah, Inna."

"Ta hannun wa?"

Inna ta ture farantin gefe. Idanunta sun tafi wani wuri mai nisa, na ɗauka labulen ya fita, amma muryarta daidai take.

"Ina da cikinki aka yi wani Hajji mai zafi. Ba na iya cin komai. Babanku yakan taho mini da ƙasusuwan hadaya daga Mina a cikin buhu, in dafa, in fasa da taɓarya, in tsotse. Wata uku ba abin da ya zauna mini sai shi. Da shi na gina ki. Shi ma wannan," ta nuna ni da haɓa, "da abin da kika rage na gina shi, shi ya sa nasa bai yi ƙarko ba."

"Inna," in ji ni.

"Yi mini shiru, Auta. Nawa ne tun farko. Uwa kuwa tana karɓe abin da ta ba ɗanta, wannan ko ni da ban yi makaranta ba na sani." Ta miƙo mini tafin hannunta. "Kawo."

Ban san abin da zan ba ta ba, sai na ɗora hannuna a kan nata. Ta damƙe, kamar ta zare wani abu daga tsakanin yatsuna, ta juya wajen Yaya da hannun a dunƙule. Yaya ba ta motsa ba. Inna ta kamo hannunta da kanta, wanda ke da filasta a baya, ta buɗe shi, ta zuba mata abin da ba a gani, ta naɗe mata yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Ungo. Daga hannuna kika karɓa, ba daga nasa ba. Babanku kuma ku bar ni da shi. Ni zan yi masa bayani, na fi ku kusa da shi."

A nan ne ilimina ya taso mini har maƙogwaro. Gaskiya ne a mazhabarmu iyaye na iya karɓe kyautar da suka yi wa ɗansu. Amma kyauta aka ce, ba sadaka ba, kuma da sharuɗɗa, kuma rashin lafiya na cikin abubuwan da ke rufe wannan ƙofa. Hukuncin Inna ya ɓule ta wuri uku, na ga shafin a idona har da lambarsa. Yaya ma ta sani. Ba a banza ta yi shekaru a bayan labulen Malam ba. Ta ɗago ta dube ni, kallon wadda ta san ƙaninta bai taɓa barin kuskure ya wuce ta gabansa da rai ba, ko a katin ɗaurin aure, ko a allon shago. Jira take in gyara. Na tabbata da na buɗe baki, da ta zare hannunta ta ce, kin ji ko, Inna.

Na jawo farantin na fara tsintar wake. Na sami wani da ba shi da laifin komai na fitar da shi gefe. Fanka na juyawa, wani maƙwabci yana ta fama da motarsa ta ƙi tashi. Inna ba ta saki hannun ba.

Yaya ta ce, "To, Inna."

Washegari da na shiga gaishe ta, Inna ta tambaye ni ko an sauke kayanmu daga jirgi. Ba ta tuna komai ba, ba ta kuma sake tunawa ba. Na ji tsoron Yaya za ta ce hukuncin ya tashi tunda alƙalin ya manta. Ba ta ce ba. Ranar Lahadi ta sa hannu a takardun asibiti, a hankali, harafi bayan harafi, kamar mai ɗinkin hannu.

Gwaje-gwajen suka ɗauki makonni. Aka kwantar da ita a ɗakin da ba a shiga sai da takunkumi, aka ba ta maganin da zai share wa baƙon wuri, ko in ce mai gidan. Ni kuma wata safiya aka kifa ni a kan gado, aka ce in ƙirga daga goma zuwa ƙasa. Na kai bakwai. Na ga kaina a cikin wani dogon gida mai ɗakuna farare, ina bi ina buɗe ƙofofi, a kowane ɗaki akwai mata zaune suna aiki ba sa magana, kuma duk sun san ni. Na ce musu an aiko a tafi da wasu daga cikinsu. Suka fara naɗe tabarmi ba tare da sun tambayi ina ba. Da na farka, ƙuguna kamar an daka shi a turmi, wata ma'aikaciyar jinya tana gaya mini an riga an wuce da ledar sama.

Sai jira. Kullum da safe a ɗebi jininta a ƙirga, kullum lambar na kwance a ƙasa. Na koma aji ina tafiya kamar tsoho, ina rubutu a allo daga tsaye don kada a yi zance. A mako na uku likita ta kira ni, da muryar nan tata ta mai gudun tashin wani, ta ce ƙwayoyin jinin sun fara tsirowa.

Ranar aka bar ni na tsaya a bakin gilashin ɗakinta. Akwai waya a bango, ɗaya ciki ɗaya waje. Ta rame, kanta ɗaure da farin ɗankwali, amma leɓɓanta sun fara yin launi. Ta ɗauki wayar ta tambayi Inna, ta tambayi ko an rufe mata keken ɗinki saboda ƙura. Ba ta yi mini godiya ba, har yau kuma ba ta yi ba. Ta dube ni yadda na jingina da bango ta gefe ɗaya.

"Ya yi ciwo?"

"Kamar na faɗo daga tsani na sauka a kan bokiti."

"Haka nawa ya yi," in ji ta. "Wata guda ina ɗinki a tsaye. Ban dai gaya maka ba."